RA'AYINMU: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Kowace shekara idan lokaci ya zagayo, kamfanonin man fetur da na iskar gas da na sadarwa, tare da waɗansu hukumomin Gwamnatin Tarayya, sukan ba da sanarwa cewa suna neman ɗaliban da za su ɗauki nauyin karatunsu a jami'a, watau abin nan da muka saba kira sukolashif. Dubban yara sukan cika takardar nema. A tace, a kira waɗansu jarrabawa, sa'an nan inda ƙa'ida ta tanadi haka a gayyaci waɗanda suka yi saura su zo gaban kwamiti a yi musu tambayoyi baki da baki. A wannan ɗan zama, wanda sau da yawa bai wuce mintoci ba, ake yanke hukunci a kan wahalar da yaro da iyayensa suka sha shekara da shekaru. A ganinmu, 'yan'uwanmu mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal ba su ba wannan al'amari muhimmancin da ya dace da shi ba, shi ya sa muka ga wajibi ne mu yi magana a kai.

Bari mu fara da Kuchigoro, domin ta isa misali. Wannan unguwa tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar Abuja, dab da ƙofar shiga birni. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne, tun kafin Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar Babban Birnin Tarayya ran 3 ga Fabrairu 1976, tun kuma kafin gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991. Daga baya leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda suka cika ta, saboda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu. A 2014 kuma, sa'ad da Boko Haram ta auka wa Gwoza a Jihar Borno, mutanen da suka tsira da rayukansu suka zo suka kafa zangon 'yan gudun hijira a gefenta. Irin waɗannan unguwanni, su Kuchigoro da Lugbe da Nyanya, su ne masaukin ɗan talaka idan wata bukata ta kawo shi Abuja, domin a nan danginsa suke.

To, daga Kuchigoro zuwa hedkwatar Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, wanda aka fi sani da PTDF, tafiya ce wadda ba ta kai rabin sa'a ba a mota in hanya ta yi kyau. Amma yaro yana iya girma a unguwar har ya gama sakandare bai taɓa jin sunan asusun ba, balle ya san cewa yana da hakki a cikinsa. Abin da ya raba su rashin labari ne da rashin shiri. Wannan ciwo kuwa shi ne ke damun ɗan da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan asusu ba kyautar wani attajiri ba ne. An kafa shi da doka mai lamba 25 ta 1973, ya gaji wani ƙaramin asusun horarwa na kamfanin Gulf wanda aka yi wa doka a 1964, kuma daga kuɗin da kamfanoni ke biyan gwamnati idan an ba su filin haƙar mai ake ciyar da shi. Tun bayan da ya tsaya da ƙafafunsa a 2000 yake tura 'yan Nijeriya karatun digiri na biyu da na uku, a gida da ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Faransa da Maleshiya. A shekarun baya-bayan nan sharuɗɗansa sun haɗa da digiri mai daraja ta biyu ta sama, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da takardar gama yi wa ƙasa hidima, da rubutaccen bayanin abin da mutum yake son ya karanta da dalilinsa. Wanda ya tsallake wannan sai ya fuskanci kwamitin malaman jami'a da ƙwararrun ma'aikatan mai, a Abuja ko a wani babban gari na sashensa. Ban da wannan asusu, kamfanonin da ke haɗin gwiwa da NNPC, irin su Chevron da TotalEnergies, da kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny, da gidauniyar MTN, duk sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗaliban jami'o'in ƙasar nan. Yawancinsu jarrabawar kwamfuta suke yi wa ɗaliban da ke ajin farko ko na biyu. Waɗansu kujerun an keɓe su ga 'ya'yan yankin da ake haƙar mai, wannan kuwa adalci ne, domin su ke shaƙar hayaƙin. Amma akwai kason da aka buɗe wa kowane ɗan ƙasa, daga Sakkwato har Kalaba.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ai wannan harka ta masu uwa a gindin murhu ce, ɗan mai sayar da goro ko ɗan mai gadi ba shi da rabo a ciki. Ba mu ce babu son kai a ƙasar nan ba, kowa ya san akwai. Amma wanda ya ƙi cika takarda saboda wannan zato ya taimaki masu son kan ne, domin ya bar musu kujerarsa ba tare da sun yi ko gumi ba. Tsarin Mulki na 1979, da na 1999 wanda ya biyo bayansa, sun wajabta wa hukumomin Tarayya su kula da kowane sashe na ƙasa wajen rabo. Amma doka ba za ta shiga gida ta ɗauko yaron da bai nema ba. Haka kuma kada kowa ya ce harkar mai ba ta ɗan Arewa ba ce. Marigayi Dokta Rilwanu Lukman, haifaffen Zariya, ilmin haƙar ma'adinai ya karanta a London, ya riƙe ministan man fetur daga 1986 zuwa 1990, ya kuma zama Babban Sakataren ƙungiyar OPEC daga 1995 zuwa 2000. Marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, mutumin Yola, ya riƙe wannan kujera daga 2016 zuwa 2022. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, ta aji suka bi.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya wajaba a kan duk yaro ko yarinyar da aka gayyata gaban kwamiti.

Abu na farko shi ne takardu, kuma a nan ne 'ya'yanmu na Kudu suka fi faɗuwa tun kafin su buɗe baki. Yaron da aka haifa a Sabon Badun, unguwar da aka kafa tun 1916, yana iya zama kakansa ma a can aka haife shi, amma Jihar Oyo ba za ta ɗauke shi ɗan asalinta ba. Dole ya nemo takardar shaida daga ƙaramar hukumar kakanninsa, a Kano ko Katsina ko Sakkwato, inda watakila bai taɓa kwana ba, kuma dagacin garin bai san fuskarsa ba. Wannan ba aikin mako guda ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uban da ya san ɗansa ya shiga jami'a, to ya kai shi gida tun hutun farko, ya gabatar da shi ga mai unguwa da dagaci da hakimi, a karɓo takardar a ajiye. Sa'an nan a duba sunaye. Sau nawa muke ganin yaro Muhammadu ne a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammad a takardar JAMB, a katin ɗan ƙasa kuma an liƙa masa sunan gari a matsayin sunan uba? Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, ma'aikacin da ke tantancewa kuma yana da ɗaruruwan fayil a gabansa. Ranar haihuwa ma haka. Duk inda aka sami saɓani a gyara shi ta hanyar hukuma tun da wuri. Ranar ganawa kuwa a tafi da takardun asali da kwafinsu, a jere cikin fayil mai tsabta.

Abu na biyu, a san wanda za a je gabansa. Ba ya yiwuwa mutum ya je roƙon arziki a gidan da bai san sunan maigidan ba. Wanda zai zauna gaban mutanen mai ya kamata ya san cewa a Oloibiri aka fara samun mai a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Cewa Nijeriya ta shiga OPEC a 1971, aka kafa NNPC a 1977. Cewa a 2010 aka yi dokar fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai, a 2021 kuma aka sa hannu a babbar dokar da ta sake fasalin harkar baki ɗaya, wadda ta mai da NNPC kamfani. Ya kuma san cewa kasuwar ta canza hannu: a 2024 Oando ya sayi kamfanin Agip na kan tudu, Seplat ya sayi na Mobil da ke haƙa a bakin teku, a 2025 kuma Shell ya sayar da kamfaninsa na kan tudu ga Renaissance. Ɗalibin da ya shiga yana ba da labarin shekara goma da suka wuce ya nuna wa kwamiti cewa ba ya karanta jarida.

Abu na uku, kuma shi ne zuciyar maganar, mutum ya iya bayyana abin da karatunsa zai amfana wa jama'a. Kamfani ba sadaka yake yi ba. Jari yake zubawa, yana son ya ga inda ribar za ta fito. Idan aka tambayi yaro dalilin da ya sa yake son wannan fanni, ya ce domin ya taimaki ƙasarsa, to bai faɗi kome ba, gama duk wanda ya shiga ɗakin kafinsa haka ya ce. Amma a ce ɗalibin ilmin haɗa sinadarai ne, ya bayyana cewa daga iskar gas ake ciro sinadarin da ake haɗawa da wani na cikin iskar da muke shaƙa a sami amoniya, daga amoniya kuma a yi takin yuriya. Cewa masana'antar taki ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 da ta Indorama da ke Eleme da wannan gas suke aiki. Cewa bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, an tsara shi ne domin ya kai gas ga tashoshin lantarki da masana'antun Arewa. Sa'an nan ya ce shi ɗan manomin masara ne daga Funtuwa, ya san abin da tsadar buhun taki take yi wa gida. Wannan yaro ya ba kwamiti abin riƙewa. Mai karatun ilmin duwatsu ya san labarin Kolmani, a iyakar Bauci da Gombe, inda NNPC ta ba da sanarwar samun mai a 2019. Mai karatun injiniyan lantarki ya yi tunani a kan zafin ranar da Allah ya hore wa Arewa. Kowa kuma ya koma ya sake karanta binciken da ya rubuta a shekarar ƙarshe, da abin da ya koya lokacin sanin makamar aiki a masana'anta, domin daga nan malamai suka fi ciro tambaya.

A nan sai mu ja kunne. Yanzu an sami masu rubuta wa ɗalibai bayanin neman sukolashif a biya su, an kuma sami na'urorin intanet masu zubo rubutu cikin ƙiftawar ido. Turancin yakan fito sumul. Amma ranar ganawa ba mai rubutun ne zai zauna a kujera ba. Farfesa zai ɗaga takardar, ya karanto jimla ɗaya, ya ce a yi masa bayani, nan take asiri ya tonu. Gara bayani mai sauƙi wanda mutum ya haifa da kansa da mai ƙawa wanda ya aro. Haka nan idan aka yi tambayar da ba a san amsarta ba, faɗin gaskiya ya fi kame-kame. A ce ba a sani ba, a faɗi abin da aka sani kusa da ita. Masu aikin da kuskure ɗaya ke iya tayar da gobara ba su son ma'aikacin da ke ɓoye jahilcinsa.

Abu na huɗu ya shafi tarbiyyarmu, kuma muna roƙon iyaye su fahimce mu da kyau. Mun tashi an koya mana cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya, ba ya yabon kansa. Wannan kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kwamitin da ya haɗa mutanen sassa dabam-dabam yana iya ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin rashin sani, ƙasa-ƙasa da murya kuma a matsayin rashin tabbas. Yaro ya san amsa sarai, ladabi ya hana shi fitar da ita, wanda bai kai shi ba ya tafi da kujerar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗin abin da mutum ya yi, in an tambaye shi, ba alfahari ba ne, shaida ce. A yi gaisuwa, a jira a ba da izinin zama, a ɗaga kai, a yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Wannan ya fi shafar 'ya'yanmu mata, waɗanda kunyarsu ta ninka ta maza, alhali sau da yawa su ne a gaba a aji. Ba a bukatar kwat ko wani kayan aro. Kaftani wankakke da hula, ko atamfa da hijabi mai tsabta, sun wadatar.

Ɗan Arewa da ya tashi a Kudu yana da wani jari wanda shi kansa bai san darajarsa ba. Yana jin Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a kasuwa, Turanci a makaranta, ga kuma Turancin buroka na titi. Ya taya ubansa lissafi a kara ko a rumfar tumatir ta Mile 12, ya ga yadda ake sasanta rikici tsakanin baƙo da ɗan gari. Kamfanin da ke aiki a tsakiyar al'ummomi iri-iri irin wannan mutum yake nema. Idan aka ce ya ba da misalin lokacin da ya shugabanci waɗansu ko ya warware wata matsala, kada ya raina abin da ya yi a Islamiyya ko a ƙungiyar ɗalibai ko a shagon gidansu.

Saura ƙananan abubuwa masu kayar da babban shiri. Daga Ikko zuwa Abuja a mota yini guda ne cur, saboda haka a iso aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, a je a ga wurin da ido. Wanda ya sauka a Kuchigoro ko Lugbe ya tuna cewa hanyar filin jirgi takan cunkushe da safe, ya yi sammako. In ta intanet za a yi ganawar, a tanadi caji da wuri marar hayaniya, a gwada na'urar tun jajibere. A kuma kiyayi 'yan damfara: neman irin wannan sukolashif kyauta ne, duk wanda ya ce a turo kuɗi ya sa suna a jeri ɓarawo ne. In Allah ya ba da sa'a, a karanta yarjejeniyar da kyau kafin a sa hannu, a san makin da ake bukatar a riƙe kowace shekara, da sharaɗin dawowa gida in waje za a tafi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Amma ba daidai ba ne a bar wa yaro wannan kaya shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Badun da Shagamu da sauran garuruwa, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin 'yan jiha, su mai da wannan aikinsu. A kowace unguwa akwai injiniya ko likita ko malamin makaranta ɗan Arewa. Me zai hana a roƙi uku daga cikinsu su zauna ranar Asabar a zauren Sarki ko ajin Islamiyya, su yi wa yara gwajin ganawa da Turanci, su gyara musu zama da magana? Me zai hana a naɗa saurayi ɗaya mai bin sanarwar kamfanoni, in ta fito a faɗa a masallaci bayan sallar Juma'a? Kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ya isa kuɗin motar yara da yawa zuwa wurin jarrabawa.

Gwamnatocin jihohin Arewa ma suna da nasu. Suna da ofisoshi a Abuja, waɗansu har da Ikko. Ya kamata waɗannan ofisoshi su sauƙaƙa wa 'ya'yansu na nesa samun takardar shaidar asali, musamman irin yaran Gwoza da ke Kuchigoro, waɗanda da yawansu suka baro gida ba su ɗauko ko tsinke ba. Gwamnatin Sardauna a zamaninta har ƙauye take bin yaro mai ƙoƙari ta tura shi karatu, kuma ita ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin kunya ne a ce magadanta sun kasa ba yaro takarda guda. Su kuma kamfanoni da hukumomi, muna roƙonsu su riƙa ba da sanarwa a gidajen rediyo da harsunan da talakawa ke ji, su ba da isasshen lokaci tsakanin gayyata da ranar ganawa, su kuma bayyana yadda suka yi zaɓe, domin a rufe bakin masu zargi.

Kakanninmu sun bi hanyar goro da shanu suka zo Kudu, suka kafa zango, suka riƙe amana har aka san su da ita. Kasuwar da ke gaban jikokinsu ta ilmi ce, kuma tana da ranar ci. Wanda ke da ɗa ko 'ya a jami'a, to ya kira shi yau ya tambaye shi ko takardunsa sun cika, ko sunansa ɗaya ne a cikinsu duka, ko kuma ya san ranar da za a buɗe nema na gaba. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sa su amfani ƙasa baki ɗaya, amin.